Ruwan Famfo a Kan Sikelin Likita

Laraba, 3 ga Satumba

Awon jini kawai na je yi asibiti, na dawo da wata magana daban. Ina zaune nas tana ɗaura min abin awo a dantse, tari ya sarƙe ni, na matse ƙafafuna kamar yadda na saba. Ashe ta gani. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, in kin yi tari ko dariya, fitsari yakan ɗan kufce miki?" Na ce wa, ni? Na haɗe rai irin wanda nake haɗe wa 'yan aji uku. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce akwai wani ɗan bincike da za a fara ranar Asabar, na mata zalla, ɗaki na ƙarshe bayan wurin karɓar magani.

Tun haihuwar Auta abin ya fara, ga shi yau Auta tana jami'a. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Maigida. Ɗalibai suna kirana Malama Ba-Wasa, sun ɗauka halina ne. Ba su san duk dariyar da na yi sai na biya ta a banɗaki ba.

Ba zan je ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je.

Da na san wadda zan tarar, wallahi da ko ƙofar gida ban leƙa ba. Likitar da ke jagorantar abin tsohuwar ɗalibata ce. Yarinyar da ke zama a bencin gaba, wadda muka laƙaba wa Me-ya-sa saboda ba a gama jimla ba ta ɗaga hannu ba. Ina shiga ta miƙe tsaye, da farar rigarta da komai, ta ce, "Malama! Ina kwana, Malama." A gaban mata goma sha wani abu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce na ɓata hanya ne, wurin magani nake nema. Ta ce, "To ki ɗan zauna ki huta, Malama." Ta rufa min asiri, na zauna, ban kuma tashi ba.

Ta yi mana bayani, kuma ba laifi, ta iya bayani, ban san inda ta koya ba in ba wurina ba. Ta ce wannan ba shi ne babban binciken ba, ɗan gwajin share fage ne. Babban yana nan tafe, mata ɗaruruwa a asibitoci da yawa. Kafin a tara mutane haka, sai an gwada da 'yan kaɗan a ga ko tsarin zai yiwu: mata za su zo? Za su yi atisayen? Za su iya abin da aka ce su yi? "Ba ku nake gwadawa ba," in ji ta, "tsarina nake gwadawa. Duk abin da ya yi muku wuya ku faɗa min." Muka gyaɗa kai gaba ɗaya.

Abu biyu ne. Na farko atisaye: ki matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ki riƙe, ki saki, safe da rana da yamma. Wannan mai sauƙi ne. Na biyu ne matsalar. Za a ba kowa audugar mata da aka riga aka auna, a cikin leda mai lamba. Ki sa su yini da kwana, duk wadda kika cire ki mayar cikin ledar ki rufe, ki kawo a ɗora a sikeli. Abin da ya ƙaru a nauyi, shi ne abin da ya zuba. Asabar ɗaya a kawo, ta gaba a huta.

Wata mai ɗinki da ke kusa da ni, ƙatuwa, mai yawan magana, ta zungure ni ta ce, "Yaya, yau na ga ikon Allah. Fitsarin ma an fara saye da awo." Na cije leɓe. Saura kaɗan ta jawo min abin kunya tun ranar farko.

Talata, 9 ga Satumba

Na yi atisayen ina rubutu a allo. Babu wanda ya sani. Ina koya musu saurin faɗuwar abu, ni kuma ina fama da hana nawa faɗuwa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ranar sa audugar asibiti. Banɗakin malamai ƙofarsa ba ta da sakata, sai ka tokare da ƙafa. Na cire, na sa a leda, na cusa ledar can ƙasan jaka, ƙarƙashin takardun jarrabawa. Duk yinin jakar tana kan cinyata. Malamar lissafi ta ce ko zinare na ɗauko.

Asabar, 13 ga Satumba

Ba na son rubuta wannan, amma in ban rubuta ba zai zauna min a ƙirji.

Bas ta cika, rana ta take, direba ya tsaya shan mai ya bar mu a rufe. Ledar tana cikin jakata. An ce ba ta fitar da wari, ƙarya ne, ko kuma zif ɗin bai kama ba. Wani mutum a bayana ya fara hura hanci. Sai wata ta ce, "Kai, yaron wa ya yi mana fitsari a mota?" Duk ido ya koma kan wata yarinya mai goyo da ke gefena, ga alama haihuwar fari ce. Ta sauko da jaririn, ta duba, a bushe yake. Duk da haka ta ce, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri." Mutumin ya ci gaba da mita, wai matan yanzu ba su iya tsafta ba.

Ni kuwa na zauna ƙyam, na murtuke fuska, ina kallon taga. Har da ɗan matsawa na yi daga jikinta. Ni, da furfurata.

A asibiti nas ta ɗora ledar a sikeli ta rubuta. Na ga lambar. Ta fi abin da na zata nesa ba kusa ba. Likita ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama. Akwai wata wahala da kika sha?" Na ce babu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Fuskar yarinyar nan ta ƙi barina.

Alhamis, 25 ga Satumba

Gobe ranar auduga ce kuma. Ba zan sake shiga mota da ledar nan ba, ko za a yanka ni. In daina zuwa kuma ba zan iya ba. Yaya zan yi da idon Me-ya-sa? Ta faɗa wa kowa malamarta tana ciki, tana alfahari.

Bayan an tashi na tsaya kulle ɗakin gwaje-gwaje, idona ya faɗa kan sirinjin da muke awon ruwa da shi. Ruwa mililita ɗaya, giram ɗaya. 'Yan aji ɗaya ma sun san wannan. Na sa shi a jaka. Aro na yi.

Asabar, 27 ga Satumba

Jiya na sa audugata ta gida, na jefar kamar kullum. Tasu kuwa da safen nan na jera su a bakin baho na ɗura musu ruwan famfo. Na rage kaɗan daga lambar farko, daidai yadda mai samun sauƙi za ta samu. Na zo a bas hankalina kwance, har da gaisawa da mutane.

Likita ta duba ta ce, "Malama, ya fara sauka!" Ta yi murna har haƙoranta na waje. Na ce alhamdu lillahi, kalmar ta yi min nauyi a baki.

Shekara nawa ina rubuta wa yara da jan biro: rubuta abin da sikeli ya nuna, ba abin da kake so ya nuna ba. Ita kanta na taɓa sa ta maimaita gwaji tun daga farko don ta goge lamba ɗaya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Maigida ya ga sirinjin a banɗaki. "Malama, allura kika fara yi wa mutane a ɓoye?" Na ce na makaranta ne. Ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, ya fasa. Da can mutumin nan ba ya shigowa gida ba tare da labarin ban dariya daga gareji ba. Yanzu sai sannu da gida, sai labarin tsadar kayan gyara. Na ɗauka tsufa ne.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na sake ɗurawa. Na sake ragewa.

Da muka fito, Mai Ɗinki ta ja ni gefe wajen mai sayar da lemo. "Yaya, tsakaninki da Allah, a jiƙe kike kawo taki?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce ita shanya nata take yi a bayan tankin ruwa, su bushe ƙayau, sannan ta sa a leda. "Shagona ɗaki ɗaya ne, ga kayan amare a rataye. In ajiye wannan abin yini guda? Kwastoma ta shigo ta ji?" Wai tsohuwar da ke zama kusa da ƙofa jefar da rabi take yi ta kawo rabi. Wata matar ɗan sanda a cikinmu kuwa guda ɗaya take sawa na awa kaɗan, sauran ta ɗan murza su don kada a ga sababbi ne. Duk sun san na juna. Ni kaɗai suke ɓoye wa, wai malamar Likita ce, zan kai rahoto.

Na ce to me ya hana ku faɗa mata? Ta ce, "Haba Yaya. Yarinyar nan mai kirki, tana ba mu kujera, tana tambayar yaranmu. Mu ce mata aikinta bai yi ba? Ai sai ta ji kunya." Sannan ta kama hannuna. "Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Na rantse. Da sauri ma na rantse, don rantsuwar ta yi min daɗi. Ban gaya mata nawa ba. Na bar ta tana ganin ni ce mai gaskiyar cikinmu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Sun busar da nasu a rana, ni na jiƙa nawa da famfo. Su aƙalla ba su san lissafin abin da suke ɓatawa ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ƙurar alli ta shige min hanci a aji biyu. Atishawa ta zo ba sallama, babba, har yara suka ce sannu Malama. Na tsaya cak ina jiran ɗumin nan da na sani.

Babu.

Na je banɗaki na duba don in tabbatar. Ɗigo ɗaya, shi ke nan. Na tsaya da ƙafata tokare da ƙofa, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Atisayen yana aiki. Da gaske yake aiki. Kuma ba ni da wanda zan nuna wa, don sikelin Likita ya riga ya ce na samu sauƙi tun ban samu ba. Da na kawo na gaskiya, da yanzu tana da shaida ɗaya mai kyau a hannunta. Na zubar da ita a baho.

Asabar, 25 ga Oktoba

Likita ta shigo da fara'a. Ta ce ta nuna wa manyanta sakamakon farko, sun yaba ƙwarai. Babu mace ɗaya da ta fasa zuwa, babu leda ɗaya da ba ta dawo ba. Tsakiyar wata mai zuwa za ta miƙa rahoto cewa tsarin yana yiwuwa, a fara babban binciken da shi yadda yake. "Ku ne kuka buɗe wa sauran mata hanya," in ji ta. Aka tafa. Mai Ɗinki ta fi kowa tafi.

Ni mata ɗaruruwa nake gani, kowacce da ledarta a jaka, a cikin bas. Wasu su shanya, wasu su zubar, wasu su daina zuwa. A yi shekaru ana tara lambobin banza da sunan yarinyar nan a sama.

Na tsaya bayan kowa ya fita. Ta ce, "Malama, akwai magana?" Na buɗe baki, na ce takalminta ya yi kyau.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na kira lambar Likita, ta fara shiga, na kashe. Ta kira, na ce hannuna ne ya taɓa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ta zo makaranta. Ina ɗakin gwaje-gwaje ina jera ma'aunai, na ji an ƙwanƙwasa. Ba farar riga, ta zo kamar kowa. Ta zagaya tana taɓa tebura, ta nuna min inda ta taɓa ƙona hannun riga. Sannan ta ɗauki alli ta je allo, ta ɗiga ɗigo huɗu, ta ɗauki rulata ta ɗora. Duka huɗun suka kwanta a kan layi ɗaya, ko ɗaya bai kauce ba.

"Naki ne, Malama," ta ce, ba ta juyo ba. "Ke kika ce mana in layi ya miƙe da yawa, a binciki mai rular."

Na ajiye ma'aunin da ke hannuna.

Ta ce nas ce ta fara lura. Duk ledojin suna da wari ba su da nauyi sosai, tawa kaɗai ke da nauyi ba ta da wari. Ta faɗi hakan a wuce, hankalinta yana kan tawa, ba ta ji abin da ta faɗa game da sauran ba. Ni na ji.

Ban musa ba. Ina zan fara? Na zauna a kan kujerar ɗalibai. Na jira ta tambaye ni me ya sa, ita da ba ta taɓa barin abu ya wuce ba. Ba ta tambaya ba. Wannan ya fi min ciwo. Ta ce, "Ba komai, Malama. Zan cire naki, in rubuta cewa awon mutum ɗaya bai inganta ba. Babu suna, babu wanda zai sani. Na sauran ya isa." Ta goge allon da kanta, tas, kamar yadda take yi in ranar shararta ce. Ta durƙusa ta yi min sallama.

Ɗalibata ta rufa min asiri karo na biyu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na sauran bai isa ba. Ni kaɗai na san haka, kuma na rantse.

In na yi shiru, mutuncina ya tsira, ita ta tafi ta gina bene a kan rami. In na faɗi nasu, na ci amana. Na juya abin ta kowace fuska kamar lissafin da ya ƙi fita. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce wadda ba na so. Rantsuwata a kan nasu take. Ban rantse a kan nawa ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Da yamma Maigida yana wanke hannu da omo a tsakar gida, na ce ina son ya kai ni asibiti ranar Asabar a motarsa. Na ce zan ɗauki wani abu mai wari. Sai kawai na faɗa masa, ina kallon bokiti. Duka, har da bas, har da sirinji.

Ya daɗe yana murza yatsunsa. Ya ce, "Na sani ai." Na ce ka san me? Ya ce tun shekarun baya ya lura in ya ba ni dariya sai in tashi da gudu, in dawo rai a ɓace, in canja kaya. "Sai na daina. Kin san labari nawa na haɗiye? Cikina ya cika, Malama. Wannan tumbin da kike gani ba abinci ba ne."

Na ce masa ba na son shashanci. Na shige ɗaki don kada ya ga fuskata. Ashe mutumin nan bai tsufa ba, ni na kashe masa baki.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Audugar asibiti, a jikina, yini da kwana. Na mayar da sirinji inda na ɗauko shi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Zaman ƙarshe. Yau ne Likita za ta tambayi kowa yadda ta ga tsarin. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Babu matsala. Allah ya saka da alheri. Ta zo kaina za ta tsallake, don ta sauƙaƙa min. Na ɗaga hannu. Ni, a ajin Me-ya-sa.

Na tashi. Na fito da ledar na ɗora a sikelin da ke kan tebur, a gaban kowa. Na ce wannan ita ce ta gaskiya ta biyu da na taɓa kawowa. Na tsakiyar duk ruwan famfo ne, da sirinji na auna. Na ba su labarin bas, da mai goyon da ta ba da haƙuri a kan laifina. Muryar da nake tsawata wa aji da ita ta gudu ta bar ni, sai wata 'yar siririya. Na ce, "Likita, kin ce tsarinki kike gwadawa. To ni ya fi ƙarfina. Ba zan iya yawo da wannan a jaka ba, kuma kunya ta hana ni faɗa miki." Ban kalli kowa ba, ban ambaci kowa ba. Na zauna.

Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, na tozarta kaina a banza.

Sai Mai Ɗinki ta saki wani dogon numfashi. "Ruwan famfo! Yaya, duk wannan haɗe ran, ashe ke ce shugabar 'yan damfara? Mu da muke shanyawa a bayan tanki ashe ƙananan ɓarayi ne." Ta toshe bakinta, amma ta riga ta fita. Tsohuwar bakin ƙofa ta ce, "To tunda an fara, ni rabi nake kawowa." Matar ɗan sanda ta rufe fuska da gyale tana cewa ita kada a tambaye ta. Ɗakin ya kaure.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta tsaya riƙe da biro, fuskarta ta zama irin ta ranar da na mayar mata da gwajinta. Watanni tana wannan aiki, ta riga ta gaya wa manyanta komai ya tafi daidai. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Dukanku?" Ta ja kujera ta zauna a tsakiyarmu, ta buɗe sabon shafi.

"To. Me ya sa?"

Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina.

Muka yi ta faɗa tana rubutawa, har aka wuce lokacin tashi. Wari. Mota. Yara masu buɗe jaka. Banɗakin wurin aiki. Ɗakin da ake kwana da jikoki. Mai Ɗinki ta ce, "Wai shi sikelin nan ba ya iya shiga mota ne? Sai dai mu mu ɗauko masa?" An yi dariya, amma na ga Likita ta ja layi a ƙarƙashin maganar.

Wurin fita na tsaya. Na ce, "'Yata, na ɓata miki aiki." Idonta ya yi ja. Ta ce, "Kin ɓata min rahoto, Malama. Gara yau da bayan shekara uku." Ba ta ce ba komai ba, kuma na gode da ba ta ce ba. Sannan ta nuna min lambar ledar yau kusa da ta farko. Ba ta kai rabinta ba.

Maigida yana jira a mota, ya sauke gilasai duka tun da safe. Ya ce yaya? Na ce ja mu tafi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Likita ta kira. Ta rubuta wa manyanta gaskiya, cewa mata suna zuwa, suna yin atisaye, amma kawo leda ba zai yiwu ba. An ɗage babban binciken. Wani daga cikin manyan bai ji daɗi ba, ta ce ya yi mata magana mai zafi a gaban mutane. Na ji kamar ni aka yi wa. Za a sake ɗan gwaji da sabon tsari: a ba kowace mace ƙaramin sikeli ta tafi da shi gida, ta auna, ta jefar, lamba kawai za ta kawo. Shi ma ba a san ko zai yiwu ba, sai an gwada.

Tana son wanda zai koya wa sababbin matan karanta sikeli. Na ce ki rasa wadda za ki ɗauka sai wadda kika kama da rula? Ta ce, "Wa ya fi ki sanin inda za a yi maguɗi?" Yarinyar nan ta fara raina ni.

Na ce zan duba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Babu wani abin rubutawa. Makaranta, gida.

Na sa doguwar rigar nan mai ruwan madara da Auta ta saya min, wadda ta shekara biyu a ƙasan akwati. Ba don komai ba, baƙaƙen duk suna wanki.

Wurin karyawa Maigida ya fara wani labari, wai wani ya kawo mota gareji yana rantsuwa injin na kuka, aka buɗe aka tarar da kyanwa da 'ya'yanta. Ya kwaikwayi muryar mutumin. Labarin banza ne, bai kai a yi masa dariya ba. Shayi ne ya sarƙe ni.

Sai da na shiga bas na tuna ban duba ko kujerar ta jiƙe ba da na tashi.

Maigida ya ce yana da wani labarin gobe.